Mai Hura Wutar Walda

Ƙawata Shafa'atu, ina kiranki ƙawa ko da yake na girme ki nesa, don tun da aka kawo ki unguwar nan ke ce kike zama ki saurare ni ba tare da kina duba waya ba. Ranar da mijinki ya shigo da sabon injin waldarsa a kwali, yana shirin tafiya ci-rani Legas, kin ji na ce masa kada ya aje sandunan walda a ƙasa inda sanyi zai kama su. Kika yi dariya kika ce, "Inna Hajaru, yaushe kika zama mai walda?" Na ce miki wata rana. To yau ce ranar. Da baki ba zan iya ba, muryata za ta ƙi, shi ya sa na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, ban shiga aji ba, a jikin kwalaye da buhunan taki na koyi haɗa baƙi.

Kuɗin motar da ya kai mu Fatakwal na akuyata ne da kwallayen jerena. Innata ta ɗinke su a bakin zanena, ta ce ko barci ya ɗauke ni a mota in kwanta a kansu. Ba yunwa ta kore mu ba. A shekarar da gubar dalma ta shiga gidajenmu, can ƙauyenmu na gefen Tungar Guru, Malam, wato maigidana, shi ne mai waldar gari. Duk injin niƙan da ake niƙa dutsen zinari da shi, in ya tsage wurinsa ake kawowa, ya ɗinke shi a ƙofar gidanmu, ƙurar dutsen na zuba inda yara ke wasa. Wa ya sani a lokacin?

Muna da ɗiya, Balki, ba ta daɗe da iya magana ba. Abin da ta fi so a duniya shi ne hura wuta. Da na haɗa itace a murhu za ta rugo ta durƙusa, ta cika kumatu, fuu, fuu, rabi iska rabi yawu, sai harshen wutar ya kwanta gefe guda, ita kuwa ta yi ta tafi. Jijjiga ce ta kama ta, kamar sauran yaran shekarar. Allah Ya karɓi abinSa. Daga ranar Malam bai sake taɓa injin niƙa ba, bai kuma sake kirana Innar Balki ba, sai Hajaru. Da wani ɗan Bukkuyum ya ce ana neman masu walda a bakin ruwa a Fatakwal, Malam ya ce, "Mu tahi." Na fara ɗaure kaya.

Shafa, ruwan saman Fatakwal ba ya gajiya. Tabarma ta yi fumfuna, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya koma ruwa a kwano. Mun kama ɗaki wurin wata Mama Bilesin, wadda mijinta ya yi aikin asibiti a Gummi, don haka tana jin Hausa daidai ta yin faɗa.

"Hajaru! Menene wannan wari? Ɓera ya mutu?"

"Daddawa ce, Mama."

"Ki kai ta waje, ta biya nata kuɗin ɗaki!"

Bayan sati ita ce take aiko 'yarta da kwano a sam mata miyar. Mutuniyar kirki ce, bakin ne kawai.

Wurin aikin Malam fili ne a bakin wani rafi mai baƙin ruwa, inda ake ƙera jiragen ruwa na ƙarfe. Mai wurin Oga Sande, gajere, kullum da waya biyu a hannu. Ni kuma na kafa murhu a bakin ƙofa ina sayar wa ma'aikata shinkafa da wake. Injin da aka ba Malam irin wanda ya sani ne tun gida, wanda suke ce wa esi: ƙato kamar ɗan rumbu, cike da mai, in an kunna shi sai ya yi ta gunji kamar an tone gidan zuma, har ƙasa na rawa. Wutarsa na tartsatsi tana faɗa, tatatata. Sandar da yake sa masa kuwa ita ce mai lamba sittin da sha uku, sandar kowa, wadda ake ƙofa da taga da ita, ba ta da fushi, da ka ƙyasta ta kama. Malam na son injin nan. Ya taɓa ce mani, "In shina ruri ba ni jin komi cikin kaina." Na gane abin da yake nufi.

Haka muka ci damina guda. Sai Oga Sande ya samu aikin jirgin fito, wanda zai riƙa ƙetarar da mutanen tsallaken rafi, 'yan kasuwa da 'yan makaranta. Ya ce wannan ba aikin ƙofa ba ne, esi ba zai taɓa jikinsa ba. Ya sayo wasu 'yan injina kamar irin na mijinki, da maɗauri a kafaɗa kamar rediyo, ya ce sunansu disi, wai kuma imbata. Ma'aikata suka yi ta dariya, wani ya ce a kamo musu tashar Kaduna. Sanda ma aka sauya, aka kawo saba'in da sha takwas, mai kaurin riga, fara-fara. Oga yana kiranta lo haidurojin. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne Lahadi Rojin, har na tambayi Malam ko matar wani ce.

Kwanakin farko Malam ya sha wuya. Sandar nan tana da girman kai: ka ƙyasta ta ta manne wa ƙarfe, ka ja ta da nisa ta mutu. Ga injin yana da baki biyu, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da ta ɗebewa, ba kamar esi ba da duk inda ka soka waya daidai ne. Malam ya soka a juye, wuta ta yi ta tofi.

"Aboki! Holda a kan kuros! Kuros!" in ji Oga, yana nuna alamar da yatsa.

Wato mariƙin sanda a bakin tarawa, wayar at kuma, wadda ake maƙala wa jikin ƙarfen da ake ɗinki, a bakin ɗebewa. Sannan sandar ba ta shiri da laima ko kaɗan. In ta sha sanyin Fatakwal, ɗinkinta sai ya fito da ƙuraje. Akwai ɗan akwatin lantarki da ake gasa su a ciki, amma wuta a wurin nan sai ta ga dama. Da Oga ya lura murhuna ba ya mutuwa daga safe har la'asar, sai ya kawo wani dogon gwangwani mai murfi ya jingina a gindinsa. Daga nan na zama mai tsaron sanda. Kowa ya zo, "Madam, ba ni gej goma guda biyar," wato lambar kaurin sanda, in buɗe in ba shi da zafinsu, yana jujjuya su a hannu kamar gasasshiyar masara. A jikin kwalayensu na koyi lambobi. Kin ji inda na san abin da na gaya wa mijinki.

Da hannun Malam ya faɗa, ɗinkinsa ya yi kyau har ɓawon da sanda ke bari a samansa kan ɗaga da kansa. Amma injin ba ya ruri. Ɗan fanka ne kawai a ciki, wutar kuma sai wani siririn sauti, sssss, kamar an ɗiga ruwa a kasko. Aka sa shi aikin cikin jirgin, can ƙasa, cikin lunguna inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, inda ko da tsakar rana duhu ne. Shi kaɗai, cikin shiru.

Wata rana da azahar ya fito, na zuba masa abinci bai taɓa ba. Ya daɗe yana kallon murhuna. Sannan ya ce, a hankali, "Innar Balki."

Na aje ludayi na dube shi.

"Taho ki gani."

Sauran sun tafi cin abinci. Na bi shi muka sauka ta wani tsani, ƙarfe na ɗumi a tafin ƙafata, wurin na warin tsatsa da ruwan rafi. Ba taga, ba ta inda iska za ta shigo, ko gefen mayafina bai motsa ba. Ya miƙo mani baƙin gilashi ya ce in kare idona. Ya ƙyasta sanda a lungu. Ta cikin gilashin duniya duk ta ɓace, sai ɗan harshen wuta kore, tsaye cak. Ya ja shi, ya ja shi, yana kusantar kusurwa. Sai wutar ta kwanta. Ta karkata gefe guda kamar an sa baki, ta miƙe, ta sake kwantawa. Sautinta ma ya sauya. Fuu. Fuu.

Na ce a'uzu billahi, na sauke gilashin. Babu kowa sai mu biyu da hayaƙi.

"Kin gani?" in ji shi. Yana murmushi, Shafa. Rabon da in ga haƙoransa tun gida.

Na ce, "Malam, wanda ya tahi ba shi dawowa. Kai ka sani."

"Na sani," ya ce. "Ban ce komi ba."

Ni mai salla ce, na san inda ɗiyata take, na san ba a cikin jirgin Oga Sande ba ne. Na yi ta karanta Falaƙi da Nasi ina tofawa a gwangwanin sanda kafin in ba shi. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na hau tsanin nan na fito, ƙirjina ya yi nauyi kamar na mai shayarwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda Malam ya warke. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Ya yi wa Mama Bilesin gyaran ƙofa kyauta yana tsokanarta. Kowane lungu na jirgin shi yake roƙo a ba shi, sauran kuwa murna suke, don ba mai son zafin cikin jirgin. In na kai masa sanda bakin tsani, sai in jiyo muryarsa daga ƙasa, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ake yi wa yaro: "A'a, sannu dai. Bari in gama wagga. Kai, ke dai ba ki jin magana." In na yi sallama ya yi shiru.

Akwai wani tsoho cikin masu waldar, mutumin Ilori, muna ce masa Baba Ilori. Shi ke jan su salla, kullum kuma sai ya ce wakena bai nuna ba, kullum sai ya cinye. Rannan na daure na tambaye shi, kamar da wasa, ko wutar walda kan karkata ba iska.

"Ah, wannan? Halin disi ne, 'yata. Wutarsa hanya ɗaya take bi, ba ta komowa, sai ƙarfen ya zama kamar maganaɗisu, ya riƙa jan wutar, ya fi yawa a kusurwa da bakin ƙarfe. Esi ba ya yi, shi gaba da baya yake. Magani kuwa ba wuya: ka cire at ka sauya masa wuri, ka matso da sanda kusa, shi ke nan."

Wani sanyi ya sauko mani, na ce alhamdu lillahi, ashe ƙarfe ne. Na ce, "Baba, don Allah ka gaya wa Malam."

Ya dube ni, cokali a hannu. "Mijinki? Ai ni na nuna masa tun satin da aka kawo injin. Ya iya sarai."

Na jawo bokiti na zauna.

"In an bar ta tana karkata fa?" na ce.

"Ɗinkin banza ke nan. Sama ya yi kyau, ƙarƙashi ramuka, gefe guda bai kama ba. A sha fenti, ba mai gani. Ruwa ne kawai zai gani, shi kuwa ba ya mantuwa." Ya ci gaba da cin wakensa.

Daga inda murhuna yake ana hango tsallaken rafi. Kowace safiya yaran can sukan taru a bakin ruwa da rigunansu masu ruwan ɗorawa, suna jiran kwalekwale, ƙanana a gaba, manya na riƙe da hannunsu. Su za a ɗora a jirgin nan. An riga an sa ranar da za a shafa fenti.

Washegari da Malam ya zo karɓar sanda na ce bari su ƙara ɗumi, ni zan kawo masa. Na bari sai da fili ya yi shiru da azahar, na ɗauki gwangwanin gaba ɗaya da 'yar gudumar da ake ɓare ɓawo, na sauka. Yana zaune a lungu, garkuwar fuska a cinya. Na je kusurwar da ya gama jiya na doddoka. Ɓawon ya zube. Na kunna tocilan. Ramuka ne reras, kamar gara ta ci azara.

"Malam, mi ne ne wanga?"

Bai duba ba.

"Baba ya ce ka san maganinta."

"Na sani."

"To?"

Ya nuna at ɗin da haɓa, inda ya maƙala shi. "In na ɗauke shi daga nan, tahiya za ta yi."

Na ce, "Ƙarhe na, Malam. Maganaɗisu na."

"Awo. Ƙarhe na." Ya shafa fuska. "Hajaru, ni na ɗinke injin da ya kashe ta. Da hannun ga. Nan kaɗai ne take zowa ba ta yi mani kuka ba."

Na zauna kusa da shi a kan ƙarfen, muna jin ruwan rafi na lasar gindin fili daga waje. Can na ce, "Wancan ba ka sani ba, Allah Ya sani ba ka sani ba. Wanga ka sani. Ɗiyan mutane za su hau. Ka gan su da sahe."

Na rungume gwangwanin na ce ko sanda ɗaya ba zan ba shi ba sai an ɗauke abin nan.

"Ke ɗauke shi," ya ce. "Ni ba ni iyawa."

Shafa, ɗan maƙali ne kamar bakin kada, ko yaro zai iya buɗe shi. Amma da na kama shi sai da na yi bisimilla sau uku. Yana da ɗumi kamar tafin hannu. Na buɗe, na ja wayar, ya nuna mani wurin da yatsa ba tare da ya ɗago kai ba, na maƙala. Na ba shi sanda. Ya sauke garkuwa, na ɗaga gilashina. Ya ƙyasta, ya matso da sandar kusa. Wutar ta tsaya cak, ta shiga kusurwa, ta fito, ba ta ko waiwaya ba. Sssss, shi ke nan. Amma ina ganin ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin garkuwar yana sauka a gwiwarsa.

Da kansa ya je ya kira Oga Sande ya nuna masa kowane lungu. Ihun da mutumin nan ya yi, har Mama Bilesin ta ce ta jiyo daga gida, ko da yake ƙarya take.

"Aboki, ka kashe ni! Maita ce? Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Oga. Ni zan gyara."

Ya gurje ɗinkin nan kaf da injin gurza, ya sake su ɗaya bayan ɗaya, Baba Ilori na bin bayansa da tocila. Ba a biya shi ladan wannan ba, ranar da aka tura jirgin ruwa kuma Oga ya ce Malam ya nemi aiki wani wuri. Mun tsaya mun ga ya ƙetara da yaran ya dawo. Sannan muka ɗaure kayanmu. Abin da muka shigo da shi garin nan na Anka bai wuce tabarma da tukwane da baƙin gilashin nan ba, wanda na manta ban mayar ba.

Sauran kin sani. Shagonsa na bakin kasuwa, da tsohon esi mai gunji da ya saya hannu. Yara masu tasowa suna yi masa dariya, suna cewa Malam ya ƙi zamani, shi kuwa sai ya ce disi ba ya jure ƙurar garin nan. Haihuwa biyu na yi bayan dawowarmu, duk suna raye, alhamdu lillahi. Ya koma kirana Hajaru.

Bara, ana gab da azumi, na kai masa abinci da rana. Rana tsaye, ko ganye ba ya motsi. Yana ɗinkin wani ɗan gadon yara, bai ji sallamata ba saboda rurin injin. Gilashin na cikin jakata, kullum yana ciki, ban san dalili ba. Na ciro na kara a idona, don kawai in ga aikinsa. A tsakiyar miƙaƙƙen ƙarfe yake, ba kusurwa ba, kuma esi ne, wanda Baba ya ce ba ya yi. Wutar na tafiya tana tartsatsinta. Sai ta kwanta. Sau ɗaya. Ba wajensa ba, wajena. Duk da gunjin injin na ji shi, fuu.

Hannun Malam ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba har ƙarshe. Ya ɗaga garkuwa, ya ɓare ɓawon, ya daɗe yana duba wurin. Ɗinki sumul, ba rami ko ɗaya. Kafin ya juyo na riga na jefa gilashin a jaka. Ya ce, "Hajaru, yaushe kika zo?" Na ce yanzun nan. Ya wanke hannu ya ci abincinsa. Bai ce ba, ban ce ba, har yau. Na yi istigfari, na bar wa Allah saninSa.

To, ki gaya wa mijinki: saba'in da sha takwas tana son ɗumi da bakin tarawa, sittin da sha uku ba ruwanta. In wuta ta karkata masa a lungu, ya sauya wa at wuri nan take, kada ya tsaya kallonta. Wannan kaɗai za ki faɗa masa. Sauran kuwa, don girman Allah, Shafa, ya tsaya tsakanina da ke. Kada mijinki ya ji, kada innarki ta ji. Malam kuwa, ko bayan raina, kada ya san na gani.